Fatalwa Mai Wuƙa: Tarihin Wani Reshe na Finafinan Ban Tsoro da Yadda Ya Iso Kaduna

Finafinan fatalwa mai kisa reshe ne na finafinan ban tsoro da ya gwama labarai iri biyu waɗanda a da kowanne hanyarsa daban. Na farko labarin mamaci ne da aka zalunta, ya ƙi kwanciya a kabarinsa. Na biyu labarin makashi ne da ke bin mutane da wuƙa ko gatari ko adda, yana yi musu ɗauki ɗai-ɗai har sai saura mutum guda. Da aka haɗa su, sai aka sami makashin da harsashi ba ya kayar da shi, ƙofa ba ta tare shi, 'yan sanda kuma ba su da inda za su kai shi, domin ya riga ya mutu. Reshen ya tsaya da ƙafafunsa a Amurka tsakanin 1978 da 1992. Indiya ta yi nata, kudancin Nijeriya ta yi nata, kuma dukkansu sun gifta ta gaban masu kallo a unguwannin Kaduna da ke arewacin kogi, tun daga zamanin silima har zuwa zamanin wayar hannu.

Asalinsa a Amurka

A 1960 Alfred Hitchcock ya fitar da Psycho, inda aka daba wa wata mata wuƙa tana wanka tun fim bai kai rabi ba. Makashin mutum ne mai taɓin hankali, amma tufafin mahaifiyarsa da ta daɗe da mutuwa yake sawa, da muryarta kuma yake magana. Ke nan tun daga tushe akwai inuwar mamaci a jikin wuƙar. 'Yan Italiya irin su Mario Bava suka ƙara makashi mai rufe fuska da baƙar safar hannu, sannan a 1974 aka fitar da The Texas Chain Saw Massacre da Black Christmas. Duk waɗannan makasa 'yan Adam ne masu jini a jika.

Halloween na John Carpenter, wanda aka yi a 1978 da kuɗi kimanin dala dubu 300, shi ne ya fara ɗaga ƙafa zuwa ɗaya ɓangaren. A ƙarshen fim ɗin likita ya harbi makashin, Michael Myers, sau shida, ya faɗo daga bene, amma da aka leƙa ƙasa babu gawa. Fim ɗin bai ce shi aljani ne ko fatalwa ba, ya bar mai kallo da tambayar. Ribar da ya kawo ta sa kamfanoni suka yi ta kwaikwayonsa.

Shekara biyu bayan haka Carpenter ya cire shakkar gaba ɗaya a The Fog. Labarin wani gari ne na bakin teku da ke bikin cika shekara 100 da kafuwa, alhali an gina shi ne a kan cin amana. A 1880 mutum shida daga cikin magabatan garin sun kunna wutar yaudara a gaɓa, jirgin ruwan wasu kutare da ke neman wurin zama ya bi hasken ya daki duwatsu ya nutse, su kuma suka kwashe zinariyar da ke ciki. A daren bikin sai hazo ya taso daga teku, a cikinsa matattun suka dawo da ƙugiyoyi da takubba suna neman rai shida. Wannan fim ya shimfiɗa ƙa'idar da reshen ya bi daga baya: akwai tsohon laifi da manya suka binne, akwai mamacin da ke bin bashinsa, kuma waɗanda za su biya yara ne ko jikokin da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

A Nightmare on Elm Street na Wes Craven, 1984, ya kai ƙa'idar ƙololuwa. Freddy Krueger makashin yara ne da kotu ta sake saboda kuskuren takarda, iyayen unguwa suka ɗauki doka a hannunsu suka ƙona shi, suka yi shiru da maganar. Sai ya dawo wa 'ya'yansu ta cikin mafarki, da safar hannu mai wuƙaƙe a yatsu, wanda duk ya kashe a barci ya mutu a farke. Craven ya ce ya samo tunanin ne daga rahotannin jarida kan wasu 'yan gudun hijira daga kudu maso gabashin Asiya da suka riƙa mutuwa cikin barci a Amurka. Hikimar fim ɗin a bayyane take: ana iya gudun daji, ana iya gudun tsohon gida, amma barci ba ya gujuwa.

Shi kuwa Jason na jerin Friday the 13th a hankali ya zama mamaci. A fim na farko, 1980, mahaifiyarsa ce ke kisan. Sai a na shida, 1986, tsawa ta faɗa a kan ƙarfen da aka soka wa gawarsa ya tashi daga kabari. A Child's Play na 1988 ruhin wani makashi ya shige cikin 'yar tsana mai suna Chucky.

Wanda ya fi su nauyi shi ne Candyman na 1992, wanda Bernard Rose ya shirya daga gajeren labarin Clive Barker, Tony Todd ya fito a matsayin fatalwar. Mutumin ɗan bawa ne, mai zane, da ya so 'yar wani farar fata a wajajen 1890. Aka taru aka datse masa hannu, aka shafe shi da zuma, ƙudan zuma suka harbe shi har ya mutu. Bayan ƙarni guda, duk wanda ya kira sunansa sau biyar a gaban madubi zai gan shi da ƙugiya a dungulmin hannun. An ɗauki wani ɓangare na fim ɗin a Cabrini-Green, rukunin gidajen talakawa baƙar fata a Shikago, kuma ya nuna cewa za a iya ɗora tarihin zaluncin al'umma guda a kan labarin fatalwa ba tare da tsoron ya ragu ba.

Hanyar Indiya

Bahaushen Kaduna bai jira Amurka ba kafin ya ga mamaci mai ramuwa a majigi. Gidajen silima na Arewa, waɗanda akasari 'yan kasuwa Kwarori suka gina, sun fara da Rex ta Kano a 1937, kuma tun shekarun 1950 finafinan Indiya suka shigo suka mamaye darare masu yawa na mako. Indiya tana da tsohon labarin mace mai fararen kaya da ke yawo da dare tana waƙa, tun daga Mahal na 1949. Abin da ya ƙaru a shekarun 1970 shi ne jini.

Nagin na Rajkumar Kohli, 1976, labarin macijiya ce mai rikiɗa da aka harbe mijinta, ta bi mutum shida tana kashe su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da siffar da za ta yaudare shi. A 1979 Kohli ya sake fitowa da Jaani Dushman, inda ruhin wani ango da amaryarsa ta kashe a daren farko yake shiga jikin mutum, ya mai da shi dodo mai gashi, ya riƙa kashe duk amaryar da aka ratso da ita cikin jan kaya. Fatalwa ce, aljani ne mai shiga jiki, makashi ne mai zaɓen waɗanda zai kashe, duk a halitta ɗaya, kuma shekara guda kafin The Fog.

Sai 'yan gidan Ramsay, 'yan'uwa bakwai da suka mai da ban tsoro sana'ar gida tun daga Do Gaz Zameen Ke Neeche na 1972. Purana Mandir na 1984 ya kawo Saamri, matsafin da wani sarki ya sa aka fille wa kai, ya bar la'ana cewa duk macen gidan sarkin za ta mutu wurin haihuwa. Veerana ya biyo a 1988, sannan a 1994 suka fitar da Mahakaal, wanda Freddy ne aka sauya wa suna da gari, har da safar hannun. Finafinansu dafa-duka ne: tsoro, soyayya, rawa da waƙa, barkwanci da faɗa duk a tukunya ɗaya. Wannan tsari ya dace da ɗanɗanon masu kallo a Arewa fiye da na Amurka, inda ake shafe minti 90 ana gudu da ihu babu hutu. Akwai kuma wani abu da finafinan Indiya suka zo da shi wanda zai yi tasiri daga baya: a ƙarshe alamar addini ce ke kayar da mugun, ba ƙarfin damtse kaɗai ba.

Kaduna da zamanin kaset

Kaduna gari ne na kallo tun asali. Nan ne hedikwatar Jihar Arewa, nan aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Arewa a 1962, nan su Kasimu Yero da Usman Baba Pategi, wato Samanja, suka yi suna. Daga tsakiyar shekarun 1980, bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 da faɗuwar darajar naira, shigo da finafinan silima ya yi tsada, gidajen silima suka fara mutuwa. Bidiyo ya maye gurbinsu. Shagunan hayar kaset suka bazu a Kawo da Unguwar Shanu da Tudun Wada da Unguwar Rimi, babbar kasuwar gari ta zama matattarar kaset, daga baya faifai. Freddy da Jason da Chucky ta wannan hanya suka shiga ɗakunan samari, sau da yawa a kwafin da aka juya har hoton ya dusashe. Rashin jin Turanci bai hana kowa fahimta ba, domin irin wannan fim ba ya dogara da zance.

A daidai lokacin ne kudancin ƙasar ta fito da nata. Tun 1980 Jimi Odumosu ya yi Evil Encounter don talabijin a Legas, kuma shirin Hot Cash na NTA Fatakwal ya sa yara da yawa sun kwana da fitila saboda Willie-Willie, yaron da aka kashe ya dawo cikin fararen kaya yana bin waɗanda suka cuce shi. Living in Bondage na 1992, wanda Kenneth Nnebue ya ɗauki nauyi kuma ake lissafa shi a matsayin mafarin Nollywood, labarin fatalwa ne: Andy ya ba da matarsa Merit ga ƙungiyar asiri don ya yi kuɗi, ya yi kuɗin, ita kuma ta hana shi sakat har ya haukace, sai a coci ya sami kansa. Nneka the Pretty Serpent da Karishika suka biyo baya. A nan wuƙar ba ta hannun fatalwa, tana hannun masu tsafin kuɗi, fatalwa kuma ita ce mai gabatar da ƙara.

Bayan rikicin addini na Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002, zaman Kaduna ya rabu, Musulmi suka fi tattaruwa a arewacin kogi, Kiristoci a kudancinsa. Kasuwar fim ba ta rabu haka ƙwarai ba. A teburi ɗaya ana iya samun faifan da fasto ke korar mugun ruhi a ƙarshensa, kusa da wanda malami ke ƙona aljani da karatu. Garuruwa kaɗan ne a Nijeriya masu kallo suka san waɗannan ƙarshe biyu sani na kusa kamar Kaduna.

Abin da Bahaushe ya yi da shi

Fim ɗin bidiyo na Hausa ya fara da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano, 1990. Kaduna ta ba da nata kason: Ibrahim Sheme ya kafa mujallar Fim a garin a Maris 1999, kuma Wasila na Yakubu Lere ya fito daga nan a 2000. Amma kasuwar ta soyayya ce da rikicin kishiyoyi da rawa da waƙa. Ban tsoro ya zauna a gefe, kuma da ya shigo, siffarsa ta sauya.

Dalili na farko aƙida ce. A koyarwar Musulunci wanda ya mutu yana barzahu, ba ya dawowa duniya ya ɗauki fansa, hisabinsa da na wanda ya zalunce shi yana gaba. Abin da jama'a ke kira fatalwa, malamai kan ce aljani ne ko shaiɗani da ya ari kamannin mamaci. Wannan kaɗai ya isa ya rushe ginshiƙin The Fog da Candyman. Saboda haka a finafinan Hausa aljani ne ke riƙe matsayin da fatalwa ke riƙewa a wasu wurare, ita kuwa fatalwa mai likkafani da farar hoda sau da yawa a finafinan barkwanci take ƙarewa, inda daga baya za a gano wani ne ya naɗe kansa don ya tsorata mutane.

Ba a rasa kayan aiki ba. Ƙasar Hausa tana da Dodo na tatsuniya, da Doguwa da sauran iskokin bori, da aljanun tsamiya da kuka da juji da tsohuwar rijiya, da gargaɗin iyaye kan fita da almuru ko zuba ruwan zafi a ƙasa babu bisimilla. Tana da dannau, wanda ke danne mai barci ya kasa motsi ya kasa ihu, abin da ya sa Freddy bai zo wa kowa a baƙo ba. Tana da maye mai kama kurwa, wanda ake tilasta wa ya tsallaka wanda ya kama. Ga kuma jita-jitar 'yan shan jini da 'yan yankan kai, wadda ita ce mafi kusa da makashi mai wuƙa. A tsakiyar shekarun 1990 labarin aljana Sumbuka ya girgiza Kano, lokacin da ɗalibai mata a wasu makarantun sakandare suka riƙa faɗuwa, kaset ɗin ruƙiyya kuma ya shiga kasuwa mutane suna saye suna sauraron muryar da aka ce ta aljanar ce. Wannan ya nuna akwai masu sauraro tun kafin a ɗora kyamara.

Farfesa Abdalla Uba Adamu, a jerin da ya tattara na finafinan Hausa da aka aro daga Indiya, ya kawo Almuru a matsayin wanda aka gina a kan Bhoot na Ram Gopal Varma, 2003, labarin matar da ruhin wata da aka kashe ya shiga jikinta ya yi kisa da hannunta. Zaɓin yana da ma'ana, domin shiga jiki shi ne ɓangaren labarin da Bahaushe zai karɓa ba gardama. Masanin nan Bajamushe Matthias Krings ma ya yi rubutu a 2005 kan finafinan Hausa na farkon shekarun 2000 da ke haɗa jarumai Musulmi da arna masu shan jini, inda tsoro ya zama hanyar wa'azi.

Ƙarshen labari ma ya bambanta. A fim ɗin Amurka yarinya ɗaya ce ke tsira, ta juyo ta fuskanci makashin da abin da hannunta ya kai gare shi, kuma ana barin ƙofa a buɗe don kashi na gaba. A fim ɗin Hausa malami ne ke shigowa da carbi, a karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, aljani ya yi kururuwa, ya faɗi dalilin shigarsa, ya yi alkawarin fita. Wannan tsari yana kwantar da hankalin iyaye da masu tace fim. Illarsa ga labari ita ce mai kallo ya san ƙarshen tun daga farko, kuma yarinyar da aka sha wahala da ita tsawon fim ba ta da hannu a cetonta.

Dalili na biyu tacewa ce. Hukumar tace finafinai ta ƙasa ta samu a 1993, ta Jihar Kano a 2001. Bayan wani abin kunya da ya auku a masana'antar a 2007 an dakatar da ɗaukar fim a Kano na wasu watanni, aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, 'yan fim da yawa suka kwaso kayansu zuwa Kaduna. Amma babbar kasuwa tana Kano, don haka ko a Kaduna aka ɗauki fim, da idon Kano ake yanka shi. Zubar da jini a fili, da tsiraicin da finafinan Amurka na wannan reshe suka saba da shi, ba su da wurin shiga. Na uku kuɗi ne. Tsoro yana bukatar haske da sauti da kwalliyar rauni da aka ƙware a kai, kuma ɓacewa da bayyana ta kwamfuta mai arha, da dariya mai amsa-kuwwa, sun fi jawo dariya a gidan kallo.

Halin da ake ciki

Daga shekarun 2010 fassarar finafinan Indiya zuwa Hausa, wadda Algaita ta Kano ta yi fice a kai, ta sake buɗe ƙofar. Akasarin abin da ake fassarawa daga kudancin Indiya yake, inda labarin mamaci mai ramuwa ke da kasuwa sosai, kamar yadda Arundhati na 2009 da Kanchana na 2011 suka nuna. Masu tura finafinai a waya sun maye gurbin masu hayar kaset a kasuwanni da bakin titi. Yanzu matashi a Badarawa ko Hayin Banki yana jin fatalwa tana magana da Hausa, abin da masana'antar gida ta daɗe tana kauce masa.

A kudu kuwa reshen ya dawo da ƙarfi. An yi ci gaban Living in Bondage a 2019 ƙarƙashin Ramsey Nouah, kuma a 2023 Netflix ta saki The Origin: Madam Koi-Koi, wanda ya ɗauki tatsuniyar makarantun kwana ya mai da ita labarin ruhin da ke kashe mazan da ke cin zarafin mata. Shi ne misali mafi cika na wannan reshe a Nijeriya. Dokoki kuma sun ƙara tsauri: a 2021 hukumar Kano ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a fim, a 2024 hukumar ƙasa ta sanar da ƙa'idojin taƙaita nuna tsafin kuɗi da kisan tsafi.

Abin da ya sa The Fog da Candyman suka daɗe a zukata shi ne tsohon zaluncin da suka tono, jinin ƙari ne kawai. Wannan ɓangare ba ya karo da aƙida, ba ya karo da hukumar tacewa. Aljanin da ya shiga gida saboda gadon marayu da aka cinye, ko filin da aka ƙwace, ko wata tsohuwa da aka yi wa ƙazafin maita aka kore ta daga unguwa, labari ne da za a iya ɗauka a Kaduna da ƙaramin jari, kuma ƙazafin maita musamman yana bukatar a taɓa shi, domin har yau yana jawo wa bayin Allah duka da kisa. Garin yana da marubuta da 'yan wasa, yana da bikin baje kolin finafinai na ƙasa da ƙasa tun 2018. Ya kamata masu shirya fim na Kaduna su ɗauki wannan reshe da muhimmanci, su zuba kuɗi a sauti da haske, su kuma bar wadda aka zalunta ta taka rawa a ƙarshen labarinta.